Toshewa Ce, In Ji Yaya

Yayana mai gyaran famfo ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin an kira shi da sunansa na gaskiya ba. Sifana kowa ke ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, cike da guntayen bututu da kawunan famfo masu tsatsa. Mutumin kirki ne, sai dai a wurinsa cuta ɗaya ce a duniya, toshewa. Mota ta ƙi tashi, toshewa ce. Yaro ya faɗi jarrabawa, kansa ne ya toshe.

Yana cikin ƙarfinsa jiki ya fara yi masa gardama. Yau ƙafa ta mutu murus, gobe ido ɗaya ya yi hazo. Likitar ƙwaƙwalwa ta ce ciwon da suke kira MS ne: jiki da kansa yake cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin laka, kamar yadda ɓera ke gwaguyar robar wayar lantarki. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Duk sanda ciwon ya tashi sai a ɗura wa Yaya wani magani mai ƙarfi, ya lafa. Da tafiya ta yi tafiya, maganin da yawan zama suka rarake masa ƙashi. A gabana likitar ta gargaɗe shi: "Ƙashin ƙugunka ya zama sakayau. Faɗuwa ɗaya ta ishe ka."

Sai ya koma aiki a zaune. A kawo masa injin jan ruwa, ya ɗora a tebur ya warware shi tas. Hannunsa na dama ne jarinsa, shi ke murɗa sifana, shi ke riƙe sanda. Muddin hannun nan na aiki, Yaya ba ya roƙon kowa komai.

Ana nan wani abokin ciniki ya nuna masa bidiyo a waya. Wai jijiyoyin jinin wuya ne ke tsukewa, jini ya kasa saukowa daga kai, kuma a wani asibitin kuɗi ana zura siririn bututu a buɗa su, a sa ɗan ƙarfe ya tokare, mutum ya miƙe garau. Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta washe haka ba.

"Ban gaya muku ba? Toshewa ce!"

Likitarsa ta ce an gwada aikin, ba ya maganin ciwon, kuma akwai jijiyar da ke motsa kafaɗa daf da wurin, ƙarfen kan danne ta. Ya saurare ta irin sauraron da yake wa mai gidan da ke son koya masa aikinsa.

A hanyar gida na ce, "Yaya, don girman Allah ka haƙura. Matar nan fa ta daɗe tana duba ka."

"Ke Auta, ita wayar wuta ta sani, ni ruwa na sani. Duk abin da ya ƙi sauka, ƙasa ne ya toshe."

Ya tafi asibitin abinsa, aka yi masa aikin. Da ya dawo yana ta rantsuwa ƙafafunsa sun yi ɗumi, har ya taka tsakar gida ba sanda, matarsa na share hawaye. Murnar ba ta je ko'ina ba. Kafaɗar dama ta fara zogi, sannan ta zube, hannun ya ƙi ɗaguwa sama da ƙirji. Ƙarfen ya danne jijiyar, daidai yadda aka gaya masa. Masu asibitin suka ce ai kowa da irin jikinsa. Ƙafafun kuwa suka koma gidan jiya.

Dole ya mayar da sanda hannun hagu, wanda bai saba ba. Wata safiya a ƙofar banɗaki sandar ta zame, ya kai hannun dama zai dafa bango, hannun bai je ba. Matarsa na kicin ta jiyo ƙarar karyewar ƙashin ƙugun.

Yanzu yana kwance, sai an juya shi. Shagon ma wani mai sayar da caja ya karɓa. Haushin masu asibitin nan ba zai bar raina ba, domin sun san abin da suke sayarwa da wanda suke sayar wa. Shi ma Yaya ina jin haushinsa, sai dai in na gan shi a katifar nan ba na iya nunawa.

Zuwan da na yi na baya-bayan nan, ina ba shi ruwa a kofi, ya riƙo mayafina da hannun hagu, ya rage murya kada matarsa ta ji.

"Auta, na gano inda suka yi kuskure. Gefe ɗaya suka buɗe. Ki tambayo mini yaushe za su iya yi mini na hagun."