Baba Stoimen da Kwamfutar Nedyalka

Shekara talatin da takwas Baba Stoimen ya yi yana raba wasiƙu a garin Gabrovo, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa ya buɗe ta wani ba. Ni Zdravka, shagona na gyaran waya da kwamfuta yana ƙasan benen da yake zaune, shi ya sa na san shi fiye da yadda na san wasu dangina.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo gari daga ƙauyensu, aka ba shi keke da jakar fata. Mutum ne mai son sani, ba ya ganin abu ya wuce. Amma ya shata wa kansa iyaka tun ranar farko: bayan ambulan na kowa ne, cikinsa na mai shi ne. Daga kaurin takarda da kan sarki da yadda alƙalami ya nutse yakan gane wadda ɗanta soja ke kewarta, da wadda mijinta ya fara sanyi. Ya gane, ya kama bakinsa. A zamanin tsohuwar gwamnati wasu 'yan leƙen asiri masu baƙin kwat sun nemi ya riƙa ware musu wasiƙun wasu gidaje. Sai ya zama wawa, kullum ya manta, kullum ya haɗa adireshi. Suka gaji suka ƙyale shi, shi kuma bai ƙara ganin ƙarin girma ba har ya yi ritaya.

Da na sayar masa da waya, kai, na ja wa kaina! Kun san akwatin nan da ke tare mutum a ƙofar kowane shafi yana tambaya ko ka amince da kukis. Kowa dannawa yake ya wuce. Ban da Baba Stoimen. Sai ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya sauko shagona.

"'Yar nan, mene ne kukis ɗin nan?"

"Baba, 'yar alama ce shafi ke liƙa wa na'urarka don in ka dawo ya gane ka. Masu talla kuma su bi alamar su ga inda kake yawo, su kawo maka abin da suke zaton kana so."

"Wato alli suke zana min a baya, su biyo ni kasuwa?"

"Kusan haka."

"Su wa? Nan an ce abokan hulɗa ɗari bakwai da sha biyu. Ni ko a bikina ban ga mutum ɗari bakwai ba."

Ɗaya bayan ɗaya yake kashe su da yatsa, ya ɓata rabin awa kafin ya duba ko za a yi ruwa gobe. Ba tsoro ba ne, mamaki ne. Yakan tambaye ni ko su ma suna da ka'ida, ko kuwa har cikin ambulan suke leƙawa. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Baba, don Allah je ka tambaye su, ni aiki nake!" Ya yi dariya ya ajiye min banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta a kan tebur.

Matarsa Nedyalka kuwa ba ruwanta. Tana da 'yar kwamfutarta ta cinya, kome aka tambaye ta sai ta danna amincewa. "Su kalla mana, tsohon nan," take ce masa. "Me za su gani? Tsohuwa na neman zaren saƙa da irin tumatir." Shekara arba'in da shida suna tare, ba su haihu ba. Mutanen unguwa, da yake baki bai da ƙofa, ita suka ɗora wa laifin, ita kuma ba ta taɓa tanka wa kowa ba. A watan Maris ta rasu, ciwon zuciya, cikin kwana biyu. Na yi kuka sosai, don ita ta riƙe ni lokacin da aurena ya mutu.

Bayan an yi arba'in, an canza takardar sanarwar rasuwar da ke liƙe a ƙofar bene kamar yadda al'adarmu take, sai ga shi da hantsi rungume da kwamfutarta. Na zaci ta lalace ne.

"Lafiyarta lau," in ji shi. "Zauna ki gani."

Ya buɗe shafin labarai. Talla ta cika gefe: zaren ulu, irin tumatir, takalmin mata mai taushi. Ya ce tun da ya fara kunna ta yake ganinsu, kuma suna yi masa daɗi, don na'urar ba ta san an yi rasuwa ba. Sannan ya nuna wasu da yatsa. Lauya mai taimaka wa iyaye su gano 'ya'yan da aka ba wasu riƙo. Kwalin gwajin jini na gano dangi. Tikitin mota zuwa garin Shumen. Kowane shafi ya shiga, suna nan biye da shi.

Na ce, "Baba, talla ce kawai, wani lokaci kame-kame suke."

"Haba Zdravka, kada ki raina min hankali. Ke kika koya min. Ruwa ba ya tsami banza. Ba mu da kowa a Shumen." Ya cire tabarau ya goge. "Wannan bayan ambulan ne, na karanta. Nedyalka tana neman wani ɗa."

Na ce to abin ai mai sauƙi ne. Kwamfutar a buɗe take, tarihin duk abin da ta nema yana ciki, akwatin imel ɗinta ma haka. Minti biyu ya ishe ni. Gaskiya ni ma son sanin yana cina. Har na kai hannu, ya rufe murfin saura kaɗan ya datse min yatsa.

"Wa ya ba ki izini? Da tana so in sani, baki gare ta."

"To me ya kawo ka? Ka zo ka tayar min da hankali ka koma?"

Ya ɗauki kayansa ya hau sama.

Mako uku muna wannan. Kullum ya sauko da sabuwar tambaya. Sau nawa mutum zai nemi abu kafin talla ta manne masa haka? Su masu tallar sun san sunan yaron? Na ce ba su damu da suna ba, ciniki suke nema. Sai ya ce, "Mutum ɗari bakwai sun san abin da ke zuciyar matata, ni da nake kwana kusa da ita ban sani ba." Sannan abin ya fara canzawa. Tallar zare ta ragu, maganin ciwon gwiwa da kayan kamun kifi suka shigo. Na gaya masa gaskiya: alamun nan suna da wa'adi, kuma duk lokacin da ya yi amfani da na'urar, shi take koya, ita tana gogewa. Ranar ya tsorata ƙwarai. Ya daina kunna ta sai sau ɗaya a rana, ya leƙa ya kashe.

Ni dai haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba Stoimen, kana ta tsaron sirrin wadda ta tafi. Idan akwai mai rai a Shumen yana jira fa? Kai da kake fariyar ba ka taɓa komawa gida da wasiƙar wani a jaka ba!"

Na zaci zai yi fushi. Sai ya zauna a kan kujerar masu jira. Can ya ce a gidan waya, idan wasiƙa ta rasa mai ita, ruwa ya wanke adireshin kuma ba sunan mai aikowa, ba a jefar da ita. Mutum biyu ke zama, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya shaida. Mai buɗewa ba ya karantawa, suna da adireshi kawai yake nema, ya samu ya liƙe ya sa hannu.

"Ke za ki buɗe. Ni ne shaida. Kin karanta layi ɗaya, na sani, fuskarki ba ta iya ƙarya."

Ya sa na juya allon ƙofa na rufe shago da rana tsaka, ya zauna gabana yadda ba zai ga allon kwamfutar ba, fuskata kawai. Wallahi ban taɓa aikin da ya ba ni wuya kamar wannan ba. Idona yana zamewa, ina janyo shi. A saƙon wani lauya na sami abin da nake nema: Bistra Kolarova, shekara arba'in da takwas, layi da lambar gida a Shumen. A akwatin saƙonnin da ba a aika ba kuma akwai guda goma sha huɗu, duk da sunanta a sama. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na rubuta a takarda na miƙa masa.

Ya ƙirga shekarun da yatsa. Shekara biyu kafin aurensu.

"Mace ce," ya ce. Sai kuma ya ce, "Ashe ita tana haihuwa. Ni ne ba na haihuwa. Shekara arba'in suna zaginta a kan matakala, kalma ɗaya za ta wanke ta, ta ƙi faɗa." Ya yi kuka a shagona, ni ma na taya shi.

Sai da ya rubuta wa Bistra wasiƙa da hannunsa ta amsa, sannan ran Asabar na ɗauke shi a tsohuwar motata. Duk hanya kwamfutar na kan cinyarsa a nannaɗe cikin tawul. Bistra malamar lissafi ce, doguwa, ta san tun tana yarinya riƙonta aka yi. Ta karɓe mu ba yabo ba fallasa, ta kawo kofi. Baba ya miƙe tsaye ya ba ta na'urar hannu biyu.

"Saƙonki ne, goma sha huɗu. Ba wanda ya karanta."

Ta shiga ɗaki da ita. Mun fi awa a falo, kofi ya huce, Baba yana ta nazarin hotunan bango yana tambayata a hankali ko yarinyar can mai kitso jika ce. Da Bistra ta fito idonta ya yi ja, amma muryarta a tsaye take.

"Baba, abu ɗaya zan tambaye ka, kada ka lallashe ni. Ta taɓa ambatona?"

"Ko sau ɗaya, 'yata."

Ta gyaɗa kai, ta juya za ta kwashe kofuna. Ni na so in shaƙe shi.

"Amma tsaya ki ji," ya ce. "Wata biyu bayan mun binne ta, duk inda na shiga da na'urar nan, Shumen ake nuna min. Na tambayi wannan, ita ta san aikin. Ta ce mutanen nan ba sa ɓata tallarsu a kan wanda ya nemi abu sau ɗaya ya manta."

Bistra ta dube ni. Na ce haka ne, sai wanda ya dawo, ya sake dawowa.

Ta ajiye kofunan. Ta jawo kujera kusa da shi ta zauna, ta ce, "To faɗa min, ya muryarta take?"