Yadin da Mai Keke Ba Ta Yanka Ba

Duk layin ba wanda ke kiranta da sunanta. Mai Keke ake ce mata, saboda baƙin keken ɗinkin da ke bakin tagar ɗakinta, wanda ta fara takawa tun tana amarya, ba ta kuma sauke ƙafa daga kansa ba sai da ta haura tamanin. Da shi ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Rabin yaran layin da kayan makarantar da ta ɗinka suka yi karatu, suka girma, suka kawo mata nasu 'ya'yan.

Tana da tef ɗin awo, amma labule take ɗaurewa da shi. Ita da hannu take awo. Sai ta tsayar da mutum a gabanta, ta dafa kafaɗarsa, ta bi ta da ɗani, babban yatsa da na tsakiya suna tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta gangara baya da ƙugu. Tana gamawa ta juya kan yadi da alli. Kuma ba ta awo baki rufe.

"Kai, wannan wuya! Ba a ba ka abinci a gidanku ne?" haka take ce wa jikokinta. "Tsaya cak, sarkin mutsu-mutsu."

Ba mace ce mai rungumar yara ko zaƙin baki ba. Idan tana son ka, sai ta ce ka zo ta auna ka. 'Ya'yanta huɗu sun gane haka da wuri. Auta ce kawai ta daɗe ba ta gane ba, ita da ake ganin ta fi kowa kai.

Laifin ɗinkin Mai Keke ɗaya ne: ba ta ɗinka wa yaro rigar bana, sai ta baɗi. Ta bar ƙatuwar kalmasa a ƙasa, ta sake hannu, wai yaro girma yake yi. Auta ta sha dariyar ƙawaye a kan haka. Shi ya sa ranar da ta samu aiki a kantin magani, ta fara sayen kaya ɗinkakku, ta ce ita da rigar Umma sai dai kallo.

Mai Keke ba ta yi fushi ba. Ta je kasuwa da ƙafarta ta zaɓo yadi shuɗi mai ƙananan furanni, ta ninke ta ɗora a saman kabad.

"Auta, zo in auna ki."

"Umma, na makara. Sai na dawo."

Auta ta yi aure, ta haihu, ta yi ƙiba, ta rame, yadin yana nan. Duk zuwan da za ta yi da ledar magani da 'ya'yan itace, sai tsohuwar ta ɗaga kai daga kan keke.

"Yau fa? Ko har yanzu kina gudun a yi miki dariya?"

"Haba Umma, ki huta mana. Ina da kaya har sun yi mini yawa."

"Na ce ba ki da kaya ne?"

Auta sai ta yi dariya ta kawo wani zance. A ganinta tausayi take yi, tana rage wa tsohuwa wahala. Ba ta taɓa lura cewa ita kaɗai ce a zuriyar nan hannun Umma ya daina taɓawa ba.

Tsufa bai durƙusar da Mai Keke da sauƙi ba. Da ido ya yi rauni, sai ta riƙa sa zare a allura da lalube, tana faɗa da duk wanda ya ce zai taya ta. Da gwiwa ta ƙi, ta koma taka keken da ƙafa ɗaya. Faɗuwar da ta yi a banɗaki ce ta kwantar da ita, kuma Auta ce ta ɗauki hutu ta zo jinya, don duk cikinsu ita ta san kan magani.

Wata safiya ta sunkuya za ta tayar da ita zaune, ta ce, "Riƙe ni da kyau, Umma." Tsohuwar ta ɗora hannu a kafaɗarta. Sai Auta ta ji yatsu suna motsi a bayan wuyanta, suna buɗewa suna rufewa. Ta ɗauka rawar hannu ce irin ta masu ciwo.

"Ki daina motsi mana, za mu faɗi!" ta ce da ɗan zafi, ta cire hannun ta mayar kan bargo.

Da rana Mai Keke ta sa babbar 'yarta, wadda suke kira Yaya, ta sauko mata da yadin da guntun alli, ta ce a ja mata ƙofa. Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Da aka zo kwashe ɗakin, gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki, kowa da labarin rigarsa. Wannan ya ce tasa har ƙaninsa ya gada, waccan ta ce sau biyu aka warware kalmasar tata. Ana dariya ana share hawaye. Auta ce kaɗai ba ta da abin faɗi, abin kuwa ya tsaya mata a rai.

Yaya ta ciro yadin daga ƙarƙashin matashi ta miƙa mata. "Naki ne. Ta ce kar a ba kowa."

Auta ta warware shi a kan gado. Almakashi bai taɓa shi ba. A can sama akwai ɗigon alli biyu, da layi mai karkarwa da ya haɗa su. Daga nan har ƙasa babu komai.

"Me ke nan?" ta tambaya.

"Kafaɗa ce," in ji Yaya. "Ta ce iya abin da ta samu ke nan."

Auta ta ɗauki yadin ta yafa a bayanta, ta lalubi ɗigon biyu da yatsa. Kowanne ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarta. Ko ɗan sakin nan da take yi wa kowa, wannan karon Umma ba ta yi ba. Auta ta tsaya cak a gaban keken, yadda aka yi shekara da shekaru ana roƙonta ta tsaya, ta kasa motsawa.