Gidan Zanzaro a Bututun Hita

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni nas ce a wani asibiti, muna zaune a garin Springfield can ƙasar waje ni da maigidana, mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni ce sarkin yi wa mata faɗa a kan camfi, in na ji ana cewa kada mai ciki ta fita da magariba har dariya nake yi. Ashe duk cika baki ne. Shi kuwa maigidan mutum ne mai son fita, sai ya sayi tsohuwar mota irin mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da hitar gas, wai mu riƙa shan iska mu huta da tambayoyin 'yan gida.

Wata rana lokacin zafi ina wanke motar, sai na ga zanzaro yana shiga da laka cikin ɗan bututun da hitar ke fitar da hayaƙi. Nan take na tuna kakata a Kano, wadda ke cewa in zanzaro ya yi gini a ɗakin mace to ciki na tafe, kuma ba a fasawa. Na yi tsaki, amma wallahi ban kore shi ba. Da maigida ya sayo 'yar raga zai rufe bakin bututun saboda ƙwari, na ɓoye ta na ce ban gan ta ba, shi kuma ya manta. Ba a jima ba sai ga ciki. To ku faɗa mini, wa zai taɓa gidan nan kuma? Ina sallah ina gode wa Allah, ina kuma zagayawa bayan mota ina leƙen laka. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Da sanyi ya shigo, ciki ya fara fitowa, muka tafi duwatsun da ke yamma da mu. Bayan la'asar dusar ƙanƙara ta sauko, aka rufe hanyar komawa, man motar kuma bai isa a bar inji yana aiki har safe ba. Maigida ya kunna hita. Fanka ta tashi, muka ji ƙas, ƙas, wuta ba ta kama ba, sai iska mai sanyi, can ta ɗauke. Bawan Allah ya duba tukunyar gas, a cike take. Ya gwada batir, ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya kashe ya sake kunnawa. Yana fita yana dawowa, yatsunsa har ba sa lanƙwasuwa, yana ba ni haƙuri wai shi ya jawo mana. Ni kuwa ina ƙudundune cikin bargo, haƙorana na haɗuwa, na san inda gizo ke saƙar, wato lakar da ta toshe bututun, amma na ƙi faɗa masa.

Da dabara ta ƙare masa, ya ce bari ya kunna murhun girki duka ya rufe tagogi, ko ma sami ɗan ɗumi. Da hannuna na sha karɓar mutanen da iskar gubar da murhu ke fitarwa a rufaffen wuri ta sumar, na kuma san abin da ke cikin ciki shi ya fi saurin cutuwa. Amma ku ji ikon Allah, har ya kunna kan murhun guda ɗaya ina kallo ban hana shi ba. Sai da ya miƙa hannu zai ja taga sannan na ce ya kashe, na fashe da kuka, na faɗa masa komai.

Na zaci zai yi faɗa ko ya yi mini dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce shi ba sanyin ne ya dame shi ba, abin da ya yi masa ciwo shi ne wata da watanni ina ɗauke da wannan tsoron ni kaɗai, muna kwana ɗaki ɗaya bai sani ba. Ya ce ba zai fasa gidan zanzaron ba sai na yarda, in ban yarda ba zai lulluɓe ni ya taka da ƙafa ya nemo taimako. Wannan maganar ta fi mari zafi. Na sa ya rufe gas ya kwance murfin bututun, na yi bismillah na zura waya da hannuna. Lakar ta zubo, babu komai a ciki sai busassun gizo-gizo. Muka share tas, ya kunna, wuta ta kama.

Allah ya sauke ni lafiya, yarinyar tana nan tana mana ɓarna a falo. Na tuba, na kuma gane cewa dogon jira yana iya sa mai ilimi ya rataya zuciyarsa a kan laka. Masu irin wannan motar, ku duba bututun hita kafin sanyi ya zo, kuma ko da wasa kada ku nemi ɗumi da murhu a rufaffen wuri. 'Yan uwana masu jiran haihuwa, duk tsoron da kuke jin kunyar faɗa, ku faɗe shi tun da wuri. Ni nawa na rufe shi, saura ƙiris na shaƙa wa 'yata guba da sunan ina kare ta.