Ƙanena Bai Yi Wasa Da Magani Ba

Allah Ya karɓi abinSa. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ƙanena ya rasu a ɗakin masu ciwon hanta na asibiti, yana da shekara hamsin da biyu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

Ba saba rubutu na yi ba. Daga aji uku na sakandare na kama aikin kafinta, kuma shagon da na fara da zarto ɗaya yau mutum talatin ke cin abinci a cikinsa. Amma akwai maganar da ta zama dole in gyara, don ni na ɓata ta.

Ƙanena, Malam Sannu, haka ma'aikata ke kiranka, ba ka taɓa jin haushi ba. Kai ne mai aikin ƙarshe, gugar katako da shafa fenti. Teburin da wani zai gama kafin azahar, kai sai ka kwana biyu a kansa, kana bin sa da tafin hannu, idanunka a rufe. In na yi faɗa sai ka ce, "Yaya, mai teburin nan gaba zai manta ranar da aka kai masa, amma kullum sai ya ɗora hannu a kai." Ban tuna an taɓa dawo mana da aikin da ya bi ta hannunka ba. Duk sabon ma'aikacin da na kora da safe, da yamma zan same shi a bayan shago kana koya masa riƙon buroshi, ka ce ai ba ka ji lokacin da aka kore shi ba. Biyu daga cikinsu yanzu suna da shagunan kansu.

Shekara goma sha biyar da suka wuce aka yi wa mahaifiyarmu tiyata, muka je ba da jini tare. Aka ƙi karɓar namu duka. Wata likita ta ce ƙwayar ciwon hanta, nau'in da ake kira C, ta taɓa shiga jikinmu mu biyu, wataƙila tun muna yara, lokacin da wani mai allura ke zagayowa gidanmu yana yi wa kowa da allura ɗaya. Da aka ƙara gwaji, sai aka ga nawa jikin ya kore ta tuntuni, tabo kawai ta bari a jini. A naka kuwa tana nan, tana cin hanta a hankali.

Ni na ɗauki warkewata a matsayin wani aikin da na yi da hannuna. Na ce ina tashi da wuri, ba na zama, ba na cin abin banza, ina cuta za ta ga wurin kwana? Na faɗi haka a shago, na faɗa a gidanka.

Aka ɗora ka a kan maganin wancan lokaci, allura duk mako da ƙwayoyi kullum, kusan shekara guda. Ranar Juma'a kake yin allurar don zazzaɓin ya same ka a gida, Litinin ka zo aiki kana rawar ɗari cikin rigar sanyi. Da aka gama, ƙwayar ta dawo. Aka sake wani zagaye, ta sake dawowa. A gaban matarka da 'ya'yanka na ce, "Magani ba ya ƙarya. In bai yi aiki ba, mai sha ne ke wasa da shi. Mutumin da ke kwana biyu a kan teburi ɗaya, ai allurar ma sai ya jinkirta ta." Aka yi dariya. Kai ma ka yi.

Daga baya sabon magani ya fito, ƙwayoyi kawai, wata uku. Ya kashe cutar, amma hantar ta riga ta ƙandare, kuma a kanta ciwon daji ya tsiro.

Shekara biyu da suka wuce na raka ka asibiti, na maimaita wa likitarka maganata, ina jira ta goya min baya. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce garkuwar jiki ma gado ce, kamar tsawo da launin fata, kuma 'yan ciki ɗaya ba lallai su sami rabo ɗaya ba. Akwai wani ɗan bambanci a ƙwayoyin halitta da ke sa jikin wani ya fi iya korar wannan cuta da kansa, tsohuwar allurar kuma ta fi kama shi. An gwada jininka, irin da ka gada shi ne wanda allurar ba ta cika yi wa aiki ba. Ta juyo da fayil ɗinka ta nuna min: ba ka taɓa tsallake mako ɗaya ba.

"To ni fa?" na ce.

"Kai sa'a ka ci, ranka ya daɗe. Kana yaro ka warke, ba ka ma san an yi ba."

Muka shiga mota. Da muka kusa gidanka ka ce, "Yaya, kada ka damu, ka bar maganar a nan." Na bar ta. Ba don kai na bar ta ba, don kaina ne. Ban saba komawa gaban mutane in ce na yi kuskure ba.

Kwana uku da rasuwarka, babbar 'yarka ta zo gaishe ni. Ta durƙusa, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba Babba, da ya ji maganarka ya riƙe magani da kyau, da yanzu yana nan. Na kasa daina jin haushinsa." Shekararta tara lokacin da na yi waccan magana. Ta girma da ita.

Don haka, 'yata, ga amsar da na kasa ba ki a ranar. Mahaifinki bai yi wasa da magani ba, ko sau ɗaya. Ya sha wahalar da ni ban taɓa ɗanɗanawa ba, yana zuwa aiki, yana jin ina zarginsa, ya kuma rufa min asiri har ya koma ga Allah. Lafiyar da nake taƙama da ita ba ni na ƙera ta ba. In akwai wanda ya cancanci haushinki, yana raye, kin san shagonsa.

Allah Ya jiƙanka, ƙanena, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi jinya ba ƙorafi, da 'ya'yanka, da ma'aikatan shago. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma Ya yafe min abin da ban nemi ka yafe min ba tun kana ji.