Digirin Sabi'u da shanun Jauro

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar ƙanena Sabi'u, malamin Fiziks a wata sakandare da ke Kusada. Allah Ya jiƙansa. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gyaran babur nake sayarwa a bakin titin Kankia, ban saba da rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yarsa Rukayya, wadda ke hannuna tun tana shekara shida. Ta gama sakandare, ta ce ita ma Fiziks za ta karanta a jami'a. Na ce ban yarda ba.

Ina da dalilina. Ni na ɗauki nauyin karatun Sabi'u, ina ta cika wa abokan kasuwa baki cewa injiniya muke da shi a hanya. Sai da ya dawo na gane allo da alli ne rabonsa. Abokansa sun shiga banki har sun ajiye tumbi, shi kuwa har ya koma ga Allah babur ɗinsa sai an tura yake tashi. In ya shigo shago nakan ce, "Injiniyan alli, yau mi aka ƙera?" Sai ya yi dariya, ya ɗauki filogi kyauta ya kama gabansa.

Wata damina tsawa ta faɗa kan wata ƙatuwar ɗorawa a bayan Yashe, ta kashe shanu bakwai na wani makiyayi, Jauro Buba, wanda ya tara su a gindinta don gudun ruwa. Abin ya tsaya wa Sabi'u a rai. Duk Asabar sai ya bi rugage yana bayani: in hadari ya taso kada a fake ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a sauko daga tudu, a bar shanu su warwatsu. Wasu suka ce ƙaddara ba ta da magani. Ya ce haka ne, amma wanda Ya ƙaddara Shi Ya ba mu hankali.

Yakan dawo da ƙwaryar nonon da makiyaya suka ba shi ɗaure a bayan babur. Wata rana a gaban mutane na ɗaga ta sama na ce, "Jama'a, ga albashin digiri." Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya karɓi ƙwaryarsa a hankali ya fita. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma har yau abin yana ci na.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Sola ta hau rufin gidaje, tana jan ruwa a fadamu, kuma wasu cikin masu haɗa ta ɗalibansa ne. Wataƙila da yanzu ya yi kuɗi. Wataƙila kuma a'a, don na san masu irin digirinsa da ke acaɓa tsakanin Kankia da Kusada. Ba zan yaudari kowa ba, karatun nan ba ya yi wa mutum alkawarin arziki. Shi ya sa na so Rukayya ta koyi aikin jinya.

Watan jiya Jauro Buba ya zo sayen taya. Ya tsufa ƙwarai. Ya tambayi ɗiyar Malam Sabi'u, na kwashe rigimarmu na faɗa masa, har da cewa karatun ubanta bai kawo ko sisi ba.

"Alhaji, tun zuwan Malam tsawa ba ta ƙara ɗaukar mani ko maraƙi ba," in ji shi. "Ɗorawar nan kuma ta sake faɗa mata har sau biyu, ba kowa a gindinta. In kana son ganin kuɗin karatun ƙanenka, taho ruga in nuna maka, suna nan suna kiwo."

Shekara da shekaru ina laluben ribar karatun a aljihun Sabi'u, ashe tana garken wasu. Ni da nake ganin na fi kowa iya ciniki, ban taɓa hango wannan ba.

Da na koma gida na kira Rukayya, na gaya mata gaskiya, cewa tana iya gamawa ta ƙare a aji da alli a hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na sani. Shi nike so."

Ranar Litinin na rufe shago na raka ta wurin cike takardar neman jami'a. Da mai kwamfuta ya tambayi abin da za ta karanta, ban bari ta amsa ba. Ni na ce masa, "Rubuta Fiziks." Ranar ce karo na farko da kalmar ta fito daga bakina ba da zolaya ba, sai dai wanda ya kamata ya ji ba ya nan.