Hannun Hagu Ya Ajiye Aiki

A makarantar mishan aka koya mini bugun tafireta, an lulluɓe hannuwana da ƙyalle, malami na tsaye da rula. Kowane yatsa da gidansa, wanda ya shiga gidan wani ya sha duka. Da wannan horo na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, da shi kuma na ci gaba da buga wa mutane takardu a zaurena na Ƙofar Marusa, bayan kwamfuta ta kori tafireta.

Bara aikina ya fara nawa. Na ɗora laifin a kan manhajar rubutun, na ce wanda ya tsara ta ya warwatsa maɓallan umarni, na kwafa da na liƙawa da na adanawa, ba bisa hankali ba. Ɗiyata, wadda aikin kwamfuta ne sana'arta, ta ce kada mu yi gyara da ka. Ta sa wata manhaja da za ta riƙa ƙirga duk haɗin maɓallan da na danna, domin a matso da waɗanda na fi bukata kusa. Na yarda, don ina girmama ƙidaya.

Ranar da ta zo duba sakamakon, bayan la'asar, ta ɗago kai daga kwamfutar ta tambaye ni.

"Baba, yaushe ka daina adanawa da maɓalli?"

"Ban taɓa dainawa ba."

Ta juyo mini fuskar kwamfutar. Duk umarnin da ake bayarwa da hannun hagu ya yi ta raguwa mako bayan mako, har ya ƙare. Ashe hannun dama ne ke zagayawa da linzamin kwamfuta yana yi masa aikinsa, ni ban sani ba.

"Kama yatsana da hagunka, ka matse."

Na matse.

"Baba, na ce ka matse."

"Ke, ba na maimaita aiki."

Washegari ta kai ni asibiti. Likita ya ce jijiyoyin hannun sun taɓu, kuma ba lallai su dawo ba. Da muka koma gida ta kwashe umarnin nan kaf ta mayar ɓangaren dama, ta jera su yadda yatsu biyar za su kai. Tsari ne mai kyau, ban sami abin gyarawa a cikinsa ba.

Lokacin ina shugaban masu buga takardu, na sha mayar da ma'aikaci ɗakin koyo saboda na kama shi yana bugu da hannu ɗaya. Wannan shafin haka na buga shi, hagun na kwance bisa cinyata. Na duba sau uku, babu kuskure.