Gaurakan Baba Haladu

Har gobe ina tuna ranar da na goge hoto a gaban shugaban shiyyarmu, na ajiye masa wayar ofis a kan teburi. Ku da kuka zo aiki daga baya kuna jin ana cewa Malama Rabi mai taurin kai, to daga nan sunan ya samo asali.

Lokacin ina malamar gona a yankin Bunkure. Aikinmu shi ne zagaya gonakin da ke shan ruwan kanal, mu duba cuta da ƙwari, mu ba manomi shawara. Sama da mu akwai shugaban shiyya da ke zaune a Kura, shi ke sa hannu a duk abin da za a yi. A damunar shekarar aka raba mana wayoyi, aka ce za a zaɓi manhaja guda wadda kowa zai riƙa amfani da ita wajen gane tsiro, ƙwaro ko tsuntsu. Ka ɗauki hoto, ta faɗa maka sunan abin. Biyu aka kawo gwaji, aka sa ni cikin kwamitin da zai zaɓa.

Ta farko muna ce mata mai taswira. Gaskiya ta fi ƙwarewa, kafin ka sauke hannu ta ba ka suna. Sai dai duk hoton da ka ɗauka tana ɗora shi a taswirar da kowa a duniya zai iya buɗewa, da daidai wurin da ka tsaya, kuma yadda aka tsara mana ita ba a iya kashe wannan. Ta biyu, mai ganye, tana da nawa, wani lokacin ta jero maka suna uku ta ce ka zaɓa. Amma ba ta buƙatar sabis, kuma abin da ka ɗauka yana nan cikin wayarka.

Wata safiya a ƙarshen damina na je gonar Baba Haladu, wani dattijo mai shinkafa a can ƙarshen kanal, inda ruwa ke taruwa ciyawar kacalla ta rufe. Na ba shi shawarar feshi saboda tsutsa. Sai ya ce, "Malama, maganin nan yana kashe tsuntsu?"

Na ce, "Wane tsuntsu, Baba?"

Ya dubi hanya, ya ga ba kowa, ya ce in biyo shi. Muka kutsa cikin laka har gwiwa. Ya ɗaga kacalla da sandarsa, sai ga gauraka biyu tsaye, tukkunsu kamar zinariya, da 'yan tsaki suna bin ƙafarsu. Tun ina yarinya rabona da ganin gauraka a daji.

Ya ce, "Da suna da yawa a nan. Masu kamu suka gano, suka kwashe su, ana kai wa masu kuɗi a birni, a yanke musu fiffike su yi ta yawo a tsakar gida. Waɗannan kaɗai ke dawowa. Ko 'ya'yana ban nuna wa wurin ba. Ke ma don maganin ne."

Na canja masa shawara, na ce ya bar gefen nan ba feshi. Na roƙe shi in ɗauki hoto da mai ganye, na yi masa bayanin cewa ba ya fita daga wayar. Ya ce, "Na ba ki amana."

Ranar zaman kwamiti a Kura, shugaban shiyya ya ce mai ganye ba ta iya tsuntsaye ba. Na ce ta iya, na nuna masa hoton da sunan da ta bayar, ban faɗi wuri ba. Ya miƙe tsaye don murna.

Ya ce, "Wannan shi muke nema! Ɗora shi a mai taswira yanzu. Waɗanda suka ba mu wayoyin nan suna son ganin irin wannan. Masana za su zo, a san da mu."

Na ce, "Yallaɓai, ba zan ɗora ba. Mai gonar bai yarda ba."

"Gonar wa?"

"Shi ma ba zan faɗa ba."

Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa tana da kan gado. Ya ce idan duniya ba ta san tsuntsayen suna nan ba, wa zai kare su? Na ce masanan za su zo da mota su koma da yamma, amma mai kamu yana da waya shi ma, kuma gidansa ya fi kusa. Na ce ba gauraka kaɗai ba: yau in na ɗauki tumatirin wani da cuta, gobe duk dillalan Kadawa sun san gonarsa. Wa ya tambayi manomin?

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Malama Rabi, wayar ta ofis ce, abin da ke ciki ma na ofis ne. Miƙo ta."

Na san hoton yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Na goge shi yana kallo, na shiga inda gogaggun hotuna ke taruwa na sake gogewa, sannan na ajiye masa. Na ce, "Ga wayar ofis, Yallaɓai."

Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wato in kare kaina a rubuce kan ƙin bin umarni. Na amsa da layi biyu, na ce na ƙi, kuma in aka sake zan sake. Aka cire ni daga kwamiti, aka mayar da ni Dawakin Kudu, nesa da manoman da na saba da su. Kwamitin ya zaɓi mai taswira. Ban yi nasara ba, kada wani ya gaya muku na yi.

Kafin in tafi na je na yi wa Baba Haladu sallama, na faɗa masa duk yadda aka yi, har da kuskurena na nuna hoton. Ya ce, "Sun ji sunana?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah ya yi miki albarka," ya koma bakin aikinsa.

Yanzu ku ke riƙe da wayoyin, kuma ba na hana ku aiki da su. Abin da nake so ku sani shi ne, manomi ba ya buɗe wa ofis gonarsa, ku yake buɗe wa, don ya ga fuskarku. Kafin ku danna, ku tambaye shi. In ya ce a'a, ku mayar da wayar cikin jaka, ko wa ya aiko ku.